Sana'ar Cikin Gida a Zamanin Wayar Salula: Abin da Ake Ba da Aikinsa da Abin da Ba a Bayarwa

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An nemi mu ce wani abu game da yadda masu ƙananan sana'o'i a cikin gida suke amfani da kafofin sada zumunta, da yadda suke ɗaukar wasu su taya su aiki. Mu malaman makaranta ne, alli muka sani, amma wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin sana'ar cikin gida da rajistar aji sun daɗe suna jayayya a kan yarinya ɗaya.

Da farko, ya kamata mu tuna cewa cinikin cikin gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nazarci yadda matan aure suke sayar da hatsi da man gyaɗa da abinci daga cikin ɗakunansu, kuma a 1969 ta wallafa abin da ta gano, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, da shi aka yi wa yayyenmu kayan ɗaki. Wannan ciniki yana tafiya ne da ƙafafu biyu na aro: dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin kaya, da kuma 'yar talla mai ɗauke da faifai. Wato ba da aiki ga wani hannu ma gadonmu ne.

To amma wa yake biyan kuɗin wannan tsari? Yarinya ce. Duk wanda ya riƙe makarantar firamare a ƙauye ya san yadda bencin 'yan mata yake zama fayau ranar kasuwa, ya kuma san yadda ake cire yarinya daga aji huɗu saboda uwa ba ta da mai kai mata fura bakin tasha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, amma doka ba ta sayar wa uwa ƙuli-ƙulinta. Muddin abincin gida yana kan faifai, faifai zai rinjayi allo.

Nan ne wayar salula ta shigo. A watan Agusta na 2001 aka fara amfani da tsarin GSM a Nijeriya. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, sa'an nan a 2018 aka fitar da WhatsApp na musamman domin 'yan kasuwa, wanda ake jera kaya da farashinsu a ciki. A yau mace tana zaune a ɗakinta za ta ɗauki hoton turaren wuta ko yajin daddawa ko mayafin da ta ɗinka, ta ɗora a sitatus, kafin la'asar waɗanda suke da lambarta sun gani. Wadda ba ta yi boko ba ma ba a bar ta a baya ba, domin saƙon murya bai buƙatar iya rubutu. Kuɗi kuma suna shigowa ta banki, kuma ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya koya wa jama'a da yawa tura kuɗi ta waya ko ta hannun masu POS. A taƙaice, waya ta zama sabon faifai, faifan da ba ya shan rana, ba ya tsallaka titi, ba ya kuma rasa darasin lissafi.

Sai dai mutum ɗaya ba zai iya haɗa kaya, ya ɗauki hoto, ya amsa saƙo, ya kai kaya, ya kuma riƙe lissafi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka masu sana'ar gida suke neman mataimaka: mai babur ko mai adaidaita sahu da zai kai kaya cikin gari, direban tasha da zai kai su wani gari, matashin da zai ɗauki hoto mai kyau ya tsara talla, tela ko mai surfani da za a ba shi ɗinki, har da wadda za ta riƙa amsa saƙonni. Wannan duk daidai ne, kuma hanyar abinci ce ga 'ya'yanmu da suka gama makaranta suna zaune. Abin tambaya shi ne: me ake bayarwa, me kuma ake riƙewa?

Abu na farko da ba a bayarwa shi ne lissafi. Bari mu yi misali irin na aji. A ƙaddara kin haɗa kaya a kan naira 5,000, kin sayar a kan 7,000. Zuciya za ta ce an ci ribar 2,000. To, cire 1,000 na mai kai kaya, 400 na mazubi da leda, 300 na data da kati, 200 na mai hoto. Saura naira 100, kuma ba a saka wahalarki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin aike ya zama babban kaso na kowane ciniki. Don haka a faɗa wa mai saye tun farko wanda zai biya kuɗin kai kaya, a kuma ajiye littafi mai shafi biyu, shiga da fita, a raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane.

Abu na biyu shi ne makulli. Ba mai ba yaron shago makullin ɗakin ajiyarsa ya tafi barci, amma sai ka ga an miƙa wa mai taimako waya da lambar sirrin banki gaba ɗaya. Mazambata kan bugo waya su ce a karanto musu lambobi shida da aka turo, da zarar an karanta sun ƙwace WhatsApp ɗin mutum, su shiga roƙon kuɗi da sunansa. Maganin wannan shi ne kada a faɗa wa kowa waɗannan lambobi, a kuma kunna matakin tsaro na biyu da ke cikin manhajar. Haka nan akwai alat na bogi: kada kaya su fita daga gida sai an duba asusu an ga kuɗi sun zauna, domin hoton rasit ba kuɗi ba ne.

Abu na uku shi ne sunayen abokan ciniki. Shafin da kika buɗe a kafar sada zumunta rumfa ce a filin wani. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'o'i shida. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sadarwa, matakin ya kuma shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Wanda duk cinikinsa yake cikin waya, ranar da ta ɗauke ko ta ɓace ya koma farko. A rubuta sunaye da lambobi a takarda, a ajiye.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne gaskiyar kaya. Saye ta hoto cinikin biri a sama ne, mai saye bai taɓa ba, bai ɗanɗana ba, maganarki kaɗai ya riƙe. Idan mai hoto ya ƙara wa atamfa hasken da ba ta da shi, ko tela ya saɓa alkawarin Salla, ko direba ya jiƙa kaya, mai saye ba ya neman su, sunanki ya sani. Ana ba da aiki, amma ba a ba da alhaki. Dillaliyar da ta yi ƙarya a da, unguwa ɗaya take ɓatawa. Yau ƙorafi ɗaya a zauren WhatsApp ya isa ya rufe sana'a. Wadda kasuwarta ta fara buɗewa kuma, ta yi wa sunan sana'arta rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, idan abinci ko kayan shafa take ƙullawa ta nemi lambar NAFDAC.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu mazauna birni. Da yawa daga cikin kayan da matanmu da 'ya'yanmu suke tallatawa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, daga nan gida suke fitowa. Man gyaɗa, daddawa, kuka, zuma, tabarma, hular da aka yi makonni ana ɗinkawa. Wato mataimakan da muke magana a kansu, sau da yawa gwaggonninmu ne da ƙannenmu. Su ba su ga farashin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton ba. Idan muka karɓi hula a farashin zare, muka sayar da ita ninki uku, muka kuma riƙe kuɗin sai an yi ta aike, to mun ɗauke wahalar talla daga titi mun mayar da ita cikin ɗaki ne kawai. Uwar da ba a biya ta da kyau ba, gobe za ta sake ɗora wa 'yarta faifai. A yi ciniki a fili, a biya a kan lokaci, a faɗi ladan dillanci kamar yadda iyayenmu fatake suke yi da masu masaukinsu a zango.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a lokacin dogon hutu a buɗe aji a makarantar firamarenmu, ɗalibanmu na manyan makarantu su koya wa mata ɗaukar hoto da tsare waya da riƙe littafin ciniki. Na biyu, kowane reshe na birni ya tsayar da amintaccen mutum ɗaya da direba sananne, domin kayan gida su riƙa isa ba tare da ɓata ba. Na uku, duk wadda ƙungiya ta taimaka wa da jari ko waya, a yi yarjejeniya da ita a gaban mai unguwa cewa 'ya'yanta za su zauna a aji har a tashi. A taron baɗi a kawo mana rajistar makaranta mu duba tare, ita ce za ta gaya mana ko mun yi aiki.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.  Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.