Tunawa da Iya, Manomiyar Fadama



Mun taru yau domin Iya, wadda Ubangiji ya kira gida. Ta ga 'ya'ya, ta ga jikoki, ta goya tattaɓa-kunne. Ba ta ƙidaya shekarunta da lamba ba, da abin da ya faru take ƙidayawa. Takan ce tana ɗakin miji aka sami 'yancin kai a 1960. Ta fara jin bishara ne a Garun Gabas, wurin 'yan mishan na SIM, sa'ad da ta kai ɗanta neman magani. Ɗan ya warke. Ita kuwa ta komo da abin da ba shi ta je nema ba.

Rayuwarta duka tana bin Kogin Haɗeja. Shinkafa a fadama, gero da wake a tudu. A farin 1973 ta ci da gidanta da ganye da ɗan tsakin dawa, amma tukunyar iri ba ta taɓa ta ba. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwa ya sake hali, kachala ta toshe magudanai, ta cinye gonar da mijinta ya bar mata. Ba ta zauna kuka ba. Ta ari wani fili wurin maƙwabcinta Musulmi, kowace kaka tana kai masa buhu, tana kawo zakkarta nan gaban bagade.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina sabon fitowa daga makarantar tauhidi, kaina cike da littattafai, na lura Iya ta yi Lahadi biyu ba ta zo sujada ba. Na ɗauki keke na bi ta gona domin in tsauta mata. Na same ta tsaye cikin shinkafa, tana jan igiya mai gwangwanaye, jan-baki sun rufe sama. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Fasto, tsuntsayen nan ba su san Lahadi ba. In na tashi, marayu huɗu za su kwana da yunwa. Tun da ka zo da Littafin, zauna ka karanta mini." Na zauna a kan kunya, kunya kuma ta kama ni. Na buɗe Littafin Rut, na karanta mata babi na biyu, tana kora tsuntsu tana gyaɗa kai. Daga ranar ne samarinmu suka fara karɓa-karɓa a gonakin gwauraye. Da yawanku ba ku san asalin wannan al'ada ba.

A ambaliyar 2022, da ruwa ya shigo ƙauyensu da dare, jikokin wancan maƙwabci ne suka ɗauke ta a kwale-kwale. Abu biyu ta riƙe, tukunyar iri da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya a ciki ba. Mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa, kun sani. Amma ranar jana'izarta, waɗanda suka tsaya bakin makabarta sun fi waɗanda majami'ar nan take ɗauka.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Shinkafar da ta shuka bana ta nuna, ba mai yanka. Jikoki suna Kano da Abuja, wasu har sun fara maganar mayar da filin. Ku 'ya'yana, ba zan hana ku ba, amma akwai yara uku a gidan da wannan gona take ciyarwa. Dattawa sun yarda a yi gayya ranar Asabar da sassafe. Mai lauje ya zo da laujensa, mata za su kawo kunu. Tukunyar irin tana hannun babbar jikarta, sai mu zauna da iyali bayan sujada.

Mu tashi mu yi addu'a.