CIWON DAJIN ƘANANAN YARA DA HAƘƘIN DA YA RATAYA A WUYAN IYAYE

Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa na Dutsin-Ma da Kurfi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, abin da zan yi magana a kansa a yau abu ne da ba a saba ɗauko shi a irin wannan majalisi ba, wato ciwon daji, ko sankara, wanda yake kama ƙananan yara. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa wannan ciwo na manya ne, na dattijai da mata masu shekaru. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne suke kamuwa da shi duk shekara. A ƙasashe masu wadata, fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A yawancin ƙasashe irin namu kuwa, waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Ciwon ɗaya ne, maganin ɗaya ne, jikin yaron ɗaya ne. To me ya kawo wannan tazara?

Bari in ba ku labarin wani bawan Allah da na sani a wani ƙauye na ƙasar Kurfi, ba sai na ambaci sunansa ba. Ɗansa mai shekara bakwai ya wayi gari da kumburi a muƙamuƙi. Aka ce hangum ne, aka shafa abin da aka saba shafawa. Da haƙoransa suka fara girgiɗi aka ce ciwon haƙori ne. Da fuskar ta karkace sai aka kira wanzami ya yi sakiya, bai sami ruwa ba sai jini. Daga nan wani mai magani ya ce daji ne, kuma daji ba ya son allura, duk ranar da ƙarfe ya taɓa shi to an gama. Haka aka ɗauki kusan wata biyu ana jiƙe-jiƙe da turare. Da uban ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya sayar da shanun huɗarsa ya kai yaron wani babban asibiti. Aka yi masa ƙarin magani ta jijiya sau biyu, kumburin ya saɓe kamar ba a taɓa yi ba. Likita ya ce da sauran zuwa. Amma kuɗi sun ƙare, damina ta faɗi, ga gona ba a share ba, ga uwar yaron da goyo tana kwana a barandar asibiti. Uban ya dubi ɗansa ya ga yana wasa, ya ce alhamdu lillahi ya warke, suka dawo gida. Kafin kaka ciwon ya dawo, wannan karo a ciki. Allah ya karɓi abinsa.

Babu wanda zai zargi wannan uba, domin ya yi iyakar abin da ya sani da abin da yake da shi. Amma a cikin labarinsa akwai abubuwa biyu da suke kashe 'ya'yanmu fiye da ciwon kansa, su ne jinkirin zuwa asibiti da kuma yanke magani kafin a kammala. Na farkon jahilci da camfi ne suke haifar da shi, na biyun kuwa talauci da kaɗaici.

Wannan ciwo na muƙamuƙi sananne ne a wurin masana. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayaninsa a rubuce a shekarar 1958 yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Ya lura cewa ya fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar ciwon, aka kuma fahimci daga baya cewa haɗuwarta da yawan zazzaɓin sauro ita ke share wa ciwon hanya a jikin yaro. Yana daga cikin mafi saurin girma a duk nau'o'in sankara, har yakan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai cikin rahamar Ubangiji, wannan saurin nasa shi ne rauninsa, domin yana daga cikin mafi jin magani. Kuma a nan Nijeriya aka yi wani ɓangare na aikin tabbatar da haka: Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan ƙasar Kamaru, ya yi ta warkar da yara da magani a asibitin koyarwa na Ibadan a shekarun 1960, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972. Binciken da aka yi daga baya a Malawi da Kamaru ya nuna cewa ko da magunguna masu araha, a asibitocin da ba su da manyan na'urori, ana iya ceto kusan rabin waɗannan yara idan an kammala maganin. Saboda haka maganar cewa daji ba ya son allura ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk mai yaɗa ta ya ji tsoron Allah, domin yana da kamasho a cikin jinin yaran da aka hana zuwa asibiti.

Ba muƙamuƙi kaɗai ba ne. Uwa idan tana yi wa ɗanta wanka ta ji wani ƙulli mai tauri a gefen cikinsa, musamman ɗan ƙasa da shekara biyar, kada ta tsaya cewa saifa ce, domin akwai sankarar ƙoda da take farawa haka. Idan aka ga tsakiyar idon jariri yana ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare, ko ido ya karkace, to a gaggauta kai shi wurin likitan ido, domin sankarar ido tana cin ido sannan ta ci rai, amma idan an tare ta da wuri yaron yana rayuwa. Haka nan yaron da zazzaɓi ya ƙi sakinsa bayan an yi maganin sauro sau biyu sau uku, jini yana ƙarewa ana ƙara masa, dasashi yana zubar da jini, ƙasusuwa suna ciwo alhali ba shi da sikila, a nemi a auna jininsa da kyau. Ba cewa nake yi duk mai waɗannan alamomi yana da daji ba. Cewa nake yi mai hukunci a kan haka likita ne, ba kaka ba, ba wanzami ba, ba kuma mai kyamis ba. Tawakkali na gaskiya yana tare da riƙo da sababi, wannan kuwa malamanmu sun daɗe suna karantar da mu.

Yanzu sai mu koma ga tambayar da na yi da farko. Waɗancan ƙasashe ba da wannan nasara suka tashi ba. A farkon shekarun 1960 yaron da ya kamu da sankarar jini a Turai ko Amurka kusan an yanke ƙauna da shi, ko ɗaya cikin goma ba ya tsira. Yau kimanin tara cikin goma suna warkewa daga nau'in da ya fi yawa. Likitoci ne suka yi binciken, amma idan ka bi sawun kuɗin da aka yi shi da su, sau da yawa za ka tarar da hannun iyayen da suka binne 'ya'yansu. A garin Middlesbrough na Ingila, a 1960, iyalin Eastwood sun rasa 'yarsu mai shekara shida da sankarar jini. Maimakon su naɗe hannu sai suka fara tara taro da sisi daga maƙwabta, abin da ya zama asusun binciken sankarar jini wanda har yau yana aiki da sunan Blood Cancer UK. A Amurka iyaye suka kafa ƙungiyar Candlelighters a 1970, suka dinga matsa wa majalisa lamba ta ware kuɗin bincike. A Afirka ta Kudu iyaye ne suka kafa CHOC a 1979, kuma babban aikinta shi ne samar da masauki kusa da asibiti, da abinci, da kuɗin mota, ga uwar da ta taho da ɗanta daga ƙauye. A 1994 irin waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu a birnin Balansiya na ƙasar Sifen suka kafa gamayya ta duniya, wadda ita ce ta ware ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara domin tunawa da waɗannan yara.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A Alƙahira akwai asibitin sankarar yara da ake kira 57357, wanda aka buɗe a 2007. Sunan nasa lambar asusun bankin da talakawan Masar suka dinga zuba sadakarsu ce, musamman a watan Ramadan, kuma kyauta ake duba yara a cikinsa. A wannan birni dai Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a 1284 ya tsayar masa da waƙafi domin a yi wa mai kuɗi da matalauci magani ba tare da biya ba. Ashe kenan abin namu ne muka yi sakaci da shi.

To mu a Dutsin-Ma da Kurfi ina muka tsaya? A da duk wanda aka ce wa daji sai dai ya nufi Shika ko Kano. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar da ba ta wuce awa guda daga nan ba, kuma Kurfi a kan hanya take. Wannan ni'ima ce. Sai dai gini da na'ura ba sa biyan kuɗin mota, ba sa ciyar da mai jinya, ba sa noma gonar uban da ke zaune a gaban gadon ɗansa. Asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ma da ciwon manya ya soma, wato na mama da na bakin mahaifa da na maza. Ga kuma halin da matsalar tsaro ta jefa ƙauyukanmu a 'yan shekarun nan, inda mutumin da a da zai kama akuya ya kai kasuwar Laraba ya biya kuɗin magani, yau turken ma babu kowa a kai. Wannan giɓi shi ne wurin aikinmu.

Shawarata ita ce iyayen da wannan jarrabawa ta taɓa shafa, waɗanda 'ya'yansu suka warke da waɗanda suka rasu, su ne za su ja gaba, mu kuma mu mara musu baya. Dalili kuwa, uban da aka gaya wa ɗansa yana da daji ba zai saurari lacca irin tawa ba, amma zai saurari wanda ya ce masa, ni ma na kwana a barandar nan, ga ɗana ya warke yana makaranta. Shi ne zai iya gaya masa cewa zubewar gashi da amai ba alamar maganin yana kashe yaron ba ne, kuma saɓewar kumburi ba ita ce warkewa ba. Mata ma haka, uwa ita ke shiga wurin uwa. Masu hali daga cikinmu su ɗauki kuɗin mota da abinci, a kama ɗaki ɗaya ko biyu kusa da asibiti a Katsina a matsayin waƙafi. Matasa su ba da jini, domin waɗannan yara suna yawan buƙatarsa, su kuma yi gayya a gonar wanda jinya ta tsare. Uban da ya ci bashi domin maganin ɗansa yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su ta fuska biyu, talauci da bashi. Abin da ya shafi gini da bincike kuwa a nufe shi da sadaka da waƙafi, domin a fita daga saɓanin malamai. Kuma ina gargaɗi tun yanzu: kuɗin da aka tara da sunan yaro marar lafiya amana ce mai nauyi. A sa su a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Ƙungiyoyi nawa muka gani rashin wannan ya rusa?

Saura maganar bincike, wadda na san wasu za su ce ta fi ƙarfinmu. Lalle ba mu da kuɗin gina ɗakin gwaji. Amma bincike da ƙidaya yake farawa, kuma yawancin yaranmu da ciwon nan ya kashe a gida aka binne su ba tare da sunansu ya shiga wani littafi ba, shi ya sa idan masu tsara kasafi suka duba sai su ga kamar babu matsala. Idan iyaye suka riƙe littafi guda, suka rubuta shekarun kowane yaro da ƙauyensu, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a je asibiti, da dalilin da ya sa aka yanke magani, tare da sirranta sunaye, to sun samar da abin da likitocin Katsina da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su iya ɗora aiki a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a kai 60 cikin 100 na masu warkewa kafin 2030, kuma babu yadda za a san ko mun matsa gaba idan ba a san inda muke ba.

Na san akwai tabo a zukatan mutanenmu game da kalmar gwaji. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Amma ku lura, waɗancan iyaye ɗaiɗai aka same su, cikin firgici, babu mai karanta musu takarda. Iyayen da suke da ƙungiya su ne suke iya tsayar da mai bincike su tambaye shi wa ya ba shi izini, me za a ba yaron, me zai biyo baya idan an ƙi, kuma su ce a fassara musu da Hausa kafin kowa ya dangwala hannu.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan alamomin da na ambata, malaman Islamiyya mata su isar da su cikin gidaje. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai wannan ciwo, ko ya san wanda yake cikinta yanzu, ya tsaya bayan an tashi domin a rubuta sunan unguwarsu ko ƙauyensu, a sa ranar zama na farko, ɗaya a Dutsin-Ma ɗaya a Kurfi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.