Kunkurun gidanku: barci yake ko ya mutu?

Shirinmu na wannan mako ke nan, daga nan GRA cikin birnin Katsina. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya.

Yau ba maganar siyasa za mu yi ba, ba kuma ta neman aiki ba. Maganar kunkuru za mu yi. Na san wani zai ce, haba, duk matsalolin ƙasar nan ba ka ga na ɗauka ba sai kunkuru? Ku ba ni minti goma, za ku ga akwai rai a cikin maganar.

Duk wanda ya san gidajen GRA ya san da yawansu akwai kunkuru a bayan gida ko cikin lambu. Wani don yara ya saya, wani kyauta aka kawo masa daga ƙauye, wani kuma gado ya yi, tun yana firamare yake ganinsa a gidan. To duk shekara, da sanyi ya kankama a Disamba da Janairu, ko zafi ya yi tsanani a Afrilu da Mayu, sai a wayi gari kunkuru ya lafe a lungu. Ba ci, ba motsi. Kwana biyu, kwana uku, sai a ce ai ya mutu, a kira mai gadi ko mai kwasar shara a ce a kai shi bola. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: wa ya tabbatar ya mutu? Da me aka gwada?

Wannan ruɗanin ba mu kaɗai ke yinsa ba. A Amurka akwai wata 'yar ƙaguwa da ake sayar wa yara su yi kiwo, wadda ba ta da ƙoƙon da zai rufe bayanta, sai ta nemi kwanson katantanwa ta shige. Mu kira ta ƙaguwa mai aron gida. Idan za ta girma sai ta yi saɓa, kamar yadda maciji ke yi. Takan binne kanta cikin yashi makonni, manya har wata biyu, ta tuɓe tsohon ɓawon jikinta gaba ɗaya. Wannan ɓawon da ta tuɓe kamarsa ɗaya da ita, har ƙafafu, sai mai ita ya gani ya ce ta mutu ya zubar da komai, alhali tana can cikin kwanson jikinta taushi kamar sabon nama. Masu kiwonta sun yi ittifaƙi a kan abu biyu: kada ka tone ta, kuma hancinka shi ne alƙali. In ba ka ji warin ruɓaɓɓen kifi ba, ka ƙyale ta.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da namu. Ku tambayi masuntan Jibiya ko na Zobe labarin gaiwa. Idan ruwa ya janye da rani, gaiwa takan nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta zauna a haka watanni har damina ta dawo. Mutanenmu suna cewa jikinta take ci, kuma kimiyya ba ta yi nisa da wannan ba, domin naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu. Kififiya ma haka, idan kududdufi ya ƙafe takan binne kanta cikin taɓo ta jira ruwa. Wanda ya tono su a Maris zai rantse gawa ya ɗauko.

Me ya sa suke iya wannan, mu ba mu iyawa? Ni da kai jikinmu shi ke dafa zafinsa, ko ana muku-mukun sanyi muna kusa da digiri 37. Kunkuru ba haka yake ba, daga waje yake aro zafi. In gari ya ɗumama sai ya yi kuzari, in gari ya yi sanyi komai nasa sai ya ragu: bugun zuciya, numfashi, narkar da abinci. Yana iya daɗewa bai ja numfashin da ido zai gani ba. Shi ya sa kallon minti ɗaya daga tsaye ba ya isa a yanke hukunci.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Babban kunkurun nan mai launin ƙasa da aka fi ajiyewa a gidajenmu, wanda masana ke kira sulkata, ɗan yankinmu ne. Asalinsa bakin Sahara, daga Sanagal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Dabararsa ta tsira daga zafi ita ce rami. Yakan haƙa mai zurfin mitoci, ya shige inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ya lafe har zafi ya sauka. Wannan lafewar ta bazara ɗabi'arsa ce. Amma shi ba ya dogon barcin sanyi irin na kunkurayen Turai. Don haka in ka ga naka ya sandare a Janairu, kada ka ce hutawa yake. Sanyi ne ya kama shi, kuma sanyi kan jawo masa ciwon huhu.

Ku duba gidajenmu na yanzu. Tsakar gida duk an shafe da siminti ko intalok, wani wurin har tayil. Ina zai haƙa? Da rana a Afrilu zafi ya haura digiri 40, simintin nan ko kai ba ka iya taka shi ba takalmi. Da dare a Janairu sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15, jaura na kaɗawa, shi yana kwance a kan daɓe ba mafaka. Mun raba shi da raminsa, sannan muna mamakin ya daina motsi.

To ya za ka gane? Ga matakai, ku bi su a jere.

Na farko, hanci da ido. Kusanto shi ka shaƙa. Mataccen kunkuru a yanayinmu ba ya ɓoyuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku wari zai tashi, a bazara ma ya fi sauri. Duba ko akwai tsutsa, ko ƙudaje sun taru a ido da baki, ko jiki ya kumbura, ko ruwa mai wari na fita ta hanci da baki. In waɗannan sun haɗu, magana ta ƙare. Amma ido da ya faɗa ciki shi kaɗai ba hujja ba ne, ƙishirwa ma tana sa haka.

Na biyu, ƙafa. Kama ƙafar baya ka ja a hankali. Mai rai, ko ya galabaita, za ka ji yana riƙewa, yana so ya mayar da ita ciki. Taɓa wutsiya, ko ka shafi gefen ido da auduga mai laima, ka ga ko fatar idon za ta motsa. In ka ɗaga shi ka ga kai da ƙafafu suna reto kamar tsumma, alamar ba ta da kyau. Duk da haka kada ka tsaya nan, sanyi mai tsanani yana iya sa mai rai ya saki jiki.

Na uku, numfashi. Kunkuru ba ya da ƙirjin da ke hawa da sauka kamar namu, haƙarƙarinsa a haɗe yake da ƙoƙon bayansa. Inda za ka kalla shi ne fatar da ke tsakanin wuya da ƙafafun gaba, tana ɗan shiga tana fita. Ko ka sa gashin kaza ko silin auduga a bakin hancinsa, a ɗakin da ba fanka. Ka zauna ka ba shi minti goma zuwa sha biyar.

Na huɗu, ɗumi. In lokacin sanyi ne, shigar da shi ɗaki mai ɗumi. Samo baho ka zuba ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri, wanda gwiwar hannunka za ta iya zama a ciki, kuma kada zurfinsa ya wuce haɓarsa, hancinsa na sama. Minti ashirin zuwa talatin, kana tsaye a kansa. Sau da yawa a nan ne za ka ga ya miƙo wuya ya fara sha. In lokacin zafi ne, inuwa za ka kai shi, ka jiƙa shi da ruwan randa, ba ruwan firji ba.

Na biyar, jira. In ba wari, ba tsutsa, kuma ba motsi, ajiye shi a wuri mai ɗumi, inda kare da ɓera da cinnaka ba za su kai gare shi ba, ka ba shi awa 24, ka sake gwadawa. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya mutu ba inda zai je, jiran kwana ɗaya ba ya rage shi da komai. Wanda ke da rai kuwa, wannan kwana ɗayan shi ne tsakaninsa da bola.

Akwai kuma abubuwan da ake yi da sunan gwaji waɗanda su ne ma ke kashe shi. Kada ka kai shi bakin murhu ko ka ɗora masa garwashi wai ya fito da kai. Kada ka zuba masa tafasasshen ruwa. Kada ka jefa shi cikin tanki, kunkurun tudu ba kififiya ba ne, nutsewa zai yi. Kada ka birkice shi ka bar shi a rana, huhunsa a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙo, in ya kife kayan cikinsa danne shi suke yi. Kada kuma yara su riƙa ƙwanƙwasa bayansa da dutse. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai jini da jijiya, yana jin abin da ake masa. Ita ƙaguwar da muka ambata aron gida take yi, in ya matse ta ta sauya. Kunkuru da gidansa aka halicce shi. Haka nan masu huda gefen ƙoƙon su ɗaura igiya, su sani rauni suke ji masa.

Idan ya farfaɗo amma kana jin yana shesshekar numfashi, ko kumfa na fita ta hanci, ko yana buɗe baki don ya shaƙi iska, ko ido ya kumbura, wannan aikin likitan dabbobi ne. A je asibitin dabbobi. In abin ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Don Allah kada a jiƙa masa maganin mutane a ɗura.

Rigakafin kuwa ba tsada. A bar masa kusurwa ɗaya mai ƙasa, ba siminti, ƙarƙashin bishiya. A yi masa ɗan ɗaki da bulo ko katako, a zuba busasshiyar ciyawa, da daddare a hunturu a rufe ƙofar da buhu. A sa masa faranti mai faɗi da ruwa, domin maganar cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce. Abincinsa ciyawa ce da ganye, irin su rama da yakuwa, ba sauran tuwo da shinkafa ba. A nesanta shi da leda, da maganin ɓera, da maganin feshin ciyawa, da hayaƙin janareta. Kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, musamman yara, domin kunkuru kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ne ma Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkurayen da ba su kai inci 4 ba tun 1975.

Me ya sa duk wannan ya dame ni? Domin dabbar nan tana ƙarewa a daji. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa sulkata cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. Daji ya zama gona, kiwo ya cinye ciyawa, ga masu kamawa suna sayarwa. Kuma dabba ce mai tsawon rai, tana iya haura shekara 70. Kun tuna Alagba, kunkurun fadar Sarkin Ogbomosho a jihar Oyo da ya mutu a Oktoban 2019? Fada ta ce shekararsa 344, masana sun yi shakkar wannan lissafi, amma ko ba komai ya nuna irin darajar da wasu ke ba dabbar nan. Wanda ke bayan gidanku mai yiwuwa ya girmi wanda aka aika ya kai shi bola.

Sannan akwai amana. Duk mun san abin da aka karantar da mu game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kunkuru ba ya kuka, ba ya haushi, ba ya iya haura katanga. An ce kunkuru na son dambe ba shi da yatsa. To ko ƙorafi ba shi da bakin yi. Kai da ka kawo shi ka rufe get, kai ne raminsa, kai ne inuwarsa.

In kuma an gwada duka, an jira, ta tabbata ya mutu, a haƙa rami mai zurfi a binne shi nesa da rijiya, a wanke hannu, a gaya wa yara gaskiya. Kada kuma a yi saurin tare mai talla a titi a sayo wani, domin kowane ciniki irin wannan yana aika wani daji ya kamo sabo.

Aikin da zan ba ku a wannan mako ƙarami ne. Duk mai kunkuru a gida ya zagaya yau da yamma ya duba inda yake kwana. Ku tura wannan rubutu ga mai gadi da masu aikin gida, ko ku karanta musu, domin su ne suka fi ganinsa kullum. Masu tambaya ku ajiye ta a ƙasa, za mu ɗauko wasu a shiri na gaba.