Jawabi a kan Dundumi da Abincin Almajirai

Ya ku malamai da almajirai, ku sani cikar ciki daban, ƙoshin jiki daban. Yaro kan ci tuwon dawa ya ƙoshi, amma da magariba ta yi sai ka gan shi yana lalube, ya kasa ganin allonsa. Dundumi ke nan. Ba lalaci ba ne, kada a doke shi. Sababinsa rashin bitamin A, abin da ido ke bukata domin gani cikin duhu, dawa da gero kuwa ba su da shi sai kaɗan ƙwarai. Yana cikin hanta, da man ja, da ƙwai, da zogale. Zogalen a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, gama jiki ba ya karɓarsa sosai sai da maiƙo. In aka yi sakaci ido kan bushe har ya makance. Wanda ya ga farin tabo a idon yaro, ya kai shi asibiti ran nan.