Yadda Yago Ya Hura Wa Otelo Wutar Kishi

 A wasan kwaikwayon Otelo, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1603, fitowa ta 3 a kashi na 3 ce take tayar mini da hankali.

Otelo, kwamandan sojan Benis, ya shigo yana son matarsa Desdemona kamar ransa, ya fita yana neman hanyar kashe ta. Yago kuwa, hafsan da ke ƙarƙashinsa, bai kawo shaida ko ɗaya ba cewa ta ci amanar mijinta. Da ya hango Kasiyo, tsohon mataimakin Otelo, yana barin wajen Desdemona, sai ya yi gunaguni, ya ja bakinsa ya tsuke. Otelo ne da kansa ya riƙa matsa masa ya faɗi abin da ke ransa. Nan makircin yake: munafuki ya zama mai nasiha, har yana gargaɗin ubangidansa kan sharrin kishi. Sannan ya fama masa miki, ya tuna masa cewa yarinyar ta ɓoye wa mahaifinta zancen aurensu. Daga nan sai mafarkin ƙarya da ya ce Kasiyo ya yi game da Desdemona, sai hankicin Desdemona da Emiliya, matar Yago, ta tsinta.

Yago mugu ne, babu tantama. Amma ban wanke Otelo ba, jama'a, domin ya yanke wa matarsa hukuncin kisa tun bai ji ta bakinta ba.