Ruwan famfo: wa ke auna shi, wa ke gaya mana sakamako?



An ce in yi magana a kan ruwan sha da tsabta. Zan fara da wanda ya kamata mu riƙa tambaya, domin da yawanmu har yanzu SEEN muke zagi idan famfo ya ƙafe. To, SEEN ta tafi. Tun 1 ga Janairun 2024 kamfanin ƙasa, NDE, ke raba ruwa a birane, SPEN kuma ita ke da alhakin haƙa rijiyoyi da gina tankuna da shimfiɗa bututu. Gwamnati tana da tsarin PROSEHA, wanda ya ɗauki alkawarin ruwa da makewayi ga kowa kafin ƙarshen 2030. Yanzu babu Bature a tsakani. Ruwan namu ne, don haka tambayar ma a gida za mu yi ta.

Mutanen Damagaram sun san zancen fiye da ni. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, sai an jawo daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Da bazara ta yi, mata da yara su kwana a layi da bido, mai garuwa kuma ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Wanda ba shi da famfo a gida shi ke sayen ruwa da tsada, alhali shi ne talakan.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ingancin ruwan, kuma ba mu cika maganarsa ba. Ku tuna Tibiri, nan kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya yi shekara da shekaru yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai sinadarin fulowa fiye da kima. Ruwa garau, ba wari, ba launi. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka dafe, ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu har yau da nakasar suke rayuwa. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, famfo suka ba ƴaƴansu, abin da ake ta cewa a sha ke nan. Awo a kan kari da faɗin gaskiya ne suka yi ƙaranci.

Sai makewayi, wanda kowa ke jin kunyar ambata. Kusan mutum biyu cikin uku a ƙasar nan a fili suke bahaya. Damina na sauka, ruwa ya kwashe ya kai rijiya da tabki. Kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba daga sama ta faɗo ba. Kuma ku leƙa lakwal ɗin unguwarku: salga nawa ke aiki, akwai ta ƴan mata daban?

Ga abin da nake so mu yi a wannan wata. Kowace unguwa ta rubuta ranakun da famfo ya ɗauke da awa nawa ya yi, da kuɗin bido a ranar. Mu haɗa, mu kai ofishin NDE da ma'aikatar magajin gari, mu nemi a riƙa liƙa sakamakon awon ruwa a inda kowa zai gani, da Hausa. Takardar sa suna tana bakin ƙofa, mutum biyu muke nema daga kowace unguwa.