Yadda Mutane Suka Bar Yawon Farauta Suka Kama Noma



Hausawa suna yi wa noma kirari da tsohon ciniki. Gaskiya ne, noma ya tsufa. Amma akwai sana'ar da ta girme shi, ita ce farauta da tsince-tsince a daji. Jawabin wannan wata zai duba yadda mutane suka bar waccan rayuwa, suka zauna wuri ɗaya, suka kama noma.

Zaman yawo

A can da, mutane ba su da gona, ba su da rumbu. Suna yawo ƙungiya-ƙungiya, 'yan kaɗan. Suna farautar namun daji, suna kamun kifi, suna neman 'ya'yan itace da saiwoyi da zuma da tsabar ciyawa. Idan abinci ya ƙare a wuri, sai su yi gaba. Saboda haka ba sa tara kaya, ba sa gina ɗaki mai ƙarko. Kare ne dabbar da ta fara sabawa da su, tun kafin a san noma.

Ta yaya aka san haka? Masu binciken tarihi suna tona kufai. Suna samun ƙonannen hatsi da duwatsun niƙa da ƙasusuwan dabbobi. Sai su auna su da na'ura, su gane shekarunsu.

Inda aka fara

Kimanin shekara 11,700 da suka wuce, duniya ta fita daga wani dogon lokaci na sanyi. Wurare da yawa suka samu ɗumi da ruwan sama. A yankin da yau ake kira Iraƙi da Siriya da Turkiyya da Falasɗinu, alkama da sha'ir na daji suna fitowa da kansu. Mutane suna yankan su da lauje na dutse. Da abinci ya wadata kusa, wasu suka daina tashi, suka kafa ƙauyuka. Daga baya suka fara watsa tsabar da hannunsu.

Wannan canji bai zo dare ɗaya ba. Ya ɗauki shekaru dubbai. Ga yadda ya faru. Hatsin daji da ya nuna sai ya kakkaɓe ƙasa. Amma a ciki akan samu wanda ke riƙe tsabarsa. Shi ne mai yanka ya fi kawowa gida, daga cikinsa kuma ake shukawa baɗi. Sannu a hankali, gona ta cika da hatsin da ke jiran mai girbi. Manomi ya san wannan bambanci. Shibra, wadda wasu ke kira shura, takan zubar da tsabarta a gona, amma gero na ƙwarai yana riƙe tasa har a kai shi rumbu.

A wannan yanki ne kuma aka mai da awaki da tumaki da shanu dabbobin gida, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Ƙauyuka suka girma. A garin Ariha na Falasɗinu, an tono ganuwa da hasumiyar dutse mai tsawon fiye da mita 8, wadda aka gina a wancan zamani.

Ba al'umma ɗaya ce ta koya wa duniya noma ba. Allah ya ba mutanen wurare da dama wannan basira, kowa da abin da ke fitowa a ƙasarsa. Mutanen Sin suka noma shinkafa a bakin kogin Yangze. Mutanen Meziko suka fitar da masara daga wata ciyawar daji, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Mutanen Feru suka noma dankalin turawa.

Asalin gero da dawa

A Afirka, kiwo ya riga noma. A lokacin, Hamadar Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Zanen raƙuman dawa da na shanu yana nan a jikin duwatsun ƙasar Agadas. A 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai kimanin shekara 8,000.

Da Sahara ta soma bushewa, makiyaya suka gangaro kudu, suka ƙara dogara da tsabar ciyawa. Daga irin wannan ciyawa gero ya fito. An samu shaidar geron gona mai kimanin shekara 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. An samu ta dawa mai kimanin shekara 5,000 kusa da Kasala, a gabashin Sudan. Wake da acca su ma 'yan Afirka ta Yamma ne. Ashe furar gero da tuwon dawa ba baƙi ba ne. Mutanen wannan nahiya ne suka fitar da su daga daji.

Riba da wahala

Noma ya kawo rumbu. Rumbu ya kawo yawan jama'a da manyan garuruwa. Da abinci ya yi rara, wasu suka samu sukunin yin gini da saƙa da tukwane da kasuwanci. Daga baya sarauta da rubutu suka biyo.

Amma bai zo kyauta ba. Ƙasusuwan manoman farko na wurare da yawa sun nuna gajiyar aiki da ruɓewar haƙora, saboda dogaro da hatsi kawai. Cunkoso da kwana kusa da dabbobi sun yaɗa cututtuka. Rigimar iyakar gona ta taso. Idan ruwa ya ɗauke, maharbi yana iya yin gaba, amma manomi yana ɗaure da gonarsa. Dattawan da suka ga farin 1973 sun san wannan.

Abin lura

Iri shi ne gadon da manoman farko suka bari. Kowace shekara sun zaɓi mai kyau, sun hana bakinsu, sun ajiye. Da sun cinye shi, da yau babu gero.

Saboda haka manomi ya zaɓi zangarniya mai cika tun tana gona, ya ware ta daga ta ci. Ya ajiye ta inda babu laima ko ƙwari. Kome matsi, kada ya kai irinsa kasuwa da kaka, ya dawo yana neman bashi da damina. Ya cire shibra kafin ta zubar da tsaba. Ya kai taki gona, don ƙasar da ba ta hutawa tana gajiya. Uwargida kuma ta haɗa wa yara wake da ganye, kada a tsaya kan tuwo kawai. Manomi da makiyayi su zauna lafiya, domin tun asali kowa yana bukatar ɗan'uwansa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.